Babi Na Bakwai: Fassarar Keɓaɓɓun Kalmomin Lantarki, Darasi Daga Fitilar Caja a Kwangila

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren fassara da matakan da mai fassara kan bi kafin ya miƙa aikinsa. A wannan babi za a gwada waɗannan matakai a kan fage guda mai wuyar sha'ani, wato fagen kimiyya da fasaha. An zaɓi ɗan ƙaramin abu wanda kowane ɗalibi ya taɓa gani: 'yar fitilar nan da kan kunna a jikin caja don ta nuna cewa batir yana shan caji. Za a bi diddigin yadda ake tsara da'irar da ke kunna ta, sannan a duba irin kalmomin da Hausa ke buƙata kafin a iya bayyana wannan tsari ga ɗan makaranta ko ga yaron da ke koyon gyara.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa malamin Hausa da wayoyin lantarki. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsu, a shekarun farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekaru shida, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye tsarin da komawa ga Ingilishi, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. A ganin marubucin wannan babi, harshen da ba a tanadar masa littattafai da keɓaɓɓun kalmomi ba, ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya gaza. Tanadin nan kuwa ba wanda ya fi cancanta ya yi shi kamar malamin da ya karanci harshen. Ko da wane harshe aka rubuta manhaja, a ajin ƙauye da rumfar gyara da Hausa ake ƙarasa bayani.

7.1 Waiwaye

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. A nan Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta R. M. East, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma a Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Littafin Ikon Allah na East da Abubakar Imam, wanda ya fito a 1949, yana cikin ƙoƙarin farko na bayyana ilimin kimiyya da Hausar boko. Daga baya Hukumar Hausa, wadda aka kafa a 1955, ta yi aikin daidaita rubutu da tattara kalmomin aro. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, daga cikinsa ne kalmomi irin su ɗafa-goshi da ganɗantawa suka samu gindin zama a azuzuwanmu. A 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayanin Hausa da Hausa.

Abin lura shi ne, fannin harshe da adabi ya samu keɓaɓɓun kalmomi saboda masu fannin da kansu Hausa suke koyarwa. Fannin lantarki bai samu wannan gata ba. Injiniya yana karatunsa da Ingilishi, mai gyara yana aikinsa da Hausa, kuma ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba.

7.2 Abin da Kunne Ke Ji a Kwangila

Kwangila mahaɗa ce. Daga ƙarƙashin gadarta hanya ke rabuwa zuwa Kano da Kaduna da Samaru, ta miƙa har Funtuwa da Sakkwato. Ita kanta kalmar kwangila aro ce daga Ingilishi, ta daɗe da zama 'yar gida har ta haifi ɗan kwangila da 'yan kwangila. Inda motoci ke tsayawa kuwa ba a rasa mai cajin batirin mota, da mai gyaran wayarin, kuma tun bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 an samu ƙarin sana'o'i biyu, cajin waya da gyaranta. Ɗalibin da ya tsaya na rabin sa'a a irin waɗannan rumfuna da takarda a hannu zai tara kalmomi masu yawa: batir, caja, caji, soket, fis, mita, janareta, sola, inbata, ayisi, dayod, rizista.

Duk waɗannan aro ne, kuma duk sun bi ƙa'idojin tsarin sautin Hausa waɗanda ɗalibi ya riga ya sani daga kalmomi irin su direba da bidiyo da fensir da burodi. Sautin leɓe da haƙori mai ziza ya koma /b/, shi ya sa aka samu inbata. An ƙara wasali a ƙarshen caji kamar yadda aka ƙara a ƙarshen coci da inci. Haka kuma kowace kalma ta samu jinsi da jam'i ba tare da wata hukuma ta zauna a kai ba. Masu ƙarewa da wasalin /a/ sun zama mata: caja ta ƙone, mita ta nuna, rizista ta yanke. Batir namiji ne, jam'insa batura; caja kuwa cajoji, mita mitoci.

Sai dai ba a kalmomin aro Hausar wurin ta fi armashi ba, a aikatau ne. Batir yana shan caji, yana ɗaukar caji, yana riƙe caji ko ya ƙi riƙewa, yana cika, yana sauka, yana kumbura, yana mutuwa, wani lokaci a tashe shi. An ɗauki batir kamar mai rai, an ba shi ciki da ƙishirwa da ajali. Wannan faɗaɗa ma'ana ne, kuma dukiya ce da mai fassara bai kamata ya tsallake ta ya tafi neman baƙuwar kalma ba.

Matsalar tana ga kalma guda, wato wuta. Bahaushe na kiran wutar murhu wuta, lantarkin da aka kawo ko aka ɗauke wuta, hasken fitilar mota wuta. Idan ƙwan fitila ya dushe a ce wutar ba ta da ƙarfi. Idan dutsen guga ya sa mita gudu a ce yana jan wuta. A zancen yau da kullum wannan ba ya rikita kowa. Amma a jimlolin biyu na ƙarshe, wuta na nufin abubuwa biyu mabambanta waɗanda ilimin lantarki ya gina komai a kan bambancinsu. Duk fassarar da ta kira su da suna ɗaya ta rushe tun daga tushe.

7.3 Sanin Abu Kafin Raɗa Masa Suna

A ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a kan hasumiya, aka ja bututu daga gare shi zuwa famfo. Akwai ƙarfin da ruwan ke tunkuɗo bakin famfon da shi, wanda yake nan ko an buɗe ko ba a buɗe ba, kuma tsawon hasumiyar ne ke ƙayyade shi. Akwai kuma yawan ruwan da ke wucewa idan an buɗe. Na farko shi za mu kira matsin lantarki, ana auna shi da bolt. Na biyu kwararar lantarki, ana auna ta da amfiya. Ƙuncin bututun, wanda ke hana ruwan wucewa yadda ya so, shi ne turjiya, ma'auninta om. Sunayen ma'aunan uku sunayen mutane ne: Alessandro Volta na Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800, da André-Marie Ampère na Faransa, da Georg Ohm na Jamus wanda ya bayyana dangantakar abubuwan uku a 1827. Sunan mutum ba a fassara shi, sai dai a daidaita shi da bakin masu harshe. Dangantakar kuwa ita ce: matsi daidai yake da kwarara sau turjiya.

Batirin mota irin na dalma da asid ne, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Ɗakuna shida gare shi, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, saboda haka cikakken batir da ya huta yakan nuna kusan bolt 12.6, ko da yake a baki ana ce masa mai bolt 12. Idan ya sauka ƙasa da bolt 12 ya yi rauni sosai. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa; kafin caja ta tura lantarki cikin batir dole matsinta ya ɗara nasa. Don haka batirin da ke kan caja, ko cikin motar da injinta ke aiki, yakan kai tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Tazarar nan da ke tsakanin 12.6 da 13.8 ita ce ƙofar da mai tsara da'ira ke shiga ta cikinta.

Abin da ake buƙata shi ne wata na'ura da za ta tsaya tana duban matsin batir, ta kunna fitila idan ya haura wani mizani, ta kashe idan ya sauko. Turawa na kiran wannan na'ura "comparator". Ba ta faɗin nawa ne matsin, wannan aikin mita ne. Mashiga biyu gare ta da mafita ɗaya, kuma tambaya ɗaya tak take amsawa: tsakanin matsin da ke mashiga ta farko da wanda ke ta biyu, wanne ya fi? Kamar sikeli mai faranti biyu ne, a ɗora dutsen awo a gefe guda, kaya a ɗaya gefen, gefen da ya fi nauyi ya rinjaya. A wannan babi za mu kira ta makwatanci, za a kuma kare wannan zaɓi a sashe na 7.6.

7.4 Tsara Da'irar

Bayanin da ke tafe an rubuta shi ne da Hausa kai tsaye, domin ɗalibi ya ga ko harshen zai ɗauki nauyin ko zai durƙushe.

Makwatancin da ya fi samuwa a shagunan kayan gyara shi ne ayisi mai lamba LM393. Ƙafafu takwas gare shi, kuma makwatantai biyu ne a gida ɗaya, ɗaya kawai muke buƙata. Ƙafa ta 8 ita ke karɓar lantarki daga kan batir mai alamar tarawa, ta 4 kuma tana zuwa kan mai alamar ɗebewa, wanda masu gyara ke kira ƙasa. Ƙafa ta 2 da ta 3 su ne mashigai, ta 1 ita ce mafita. Halinsa shi ne, duk lokacin da matsin ƙafa ta 2 ya fi na ƙafa ta 3, sai ya haɗa mafitarsa da ƙasa. Idan ba haka ba ya sake ta.

Mataki na farko shi ne samar da dutsen awo, wato matsin da ba ya motsi ko batir ya hau ko ya sauka. Ana samun sa daga wani nau'in dayod mai suna zina, wanda ya ci sunan masanin Amurka Clarence Zener. Idan aka ɗauki zina mai bolt 5.1, aka ciyar da ita daga batir ta cikin rizista mai om 1,500, matsin da ke kanta zai tsaya kusa da 5.1. Wannan shi za a kai ƙafa ta 3.

Mataki na biyu shi ne rage matsin batir ya dawo kusa da na dutsen awo, tunda ba a gwada 13 da 5 kai tsaye a samu labari. Ana jera rizistoci biyu nan bayan nan daga kan batir zuwa ƙasa, ta sama mai om 16,000, ta ƙasa mai om 10,000, a ɗauki matsi daga mahaɗarsu zuwa ƙafa ta 2. Wannan jeri shi ne marabin matsi. Jimlar turjiyarsu om 26,000, don haka abin da ke mahaɗar kullum kashi 10 ne cikin 26 na matsin batir. Idan batir yana hutawa a bolt 12.6, mahaɗar za ta nuna kimanin 4.85, wanda bai kai 5.1 ba, makwatanci ya yi shiru. Idan aka jona caja matsi ya hau 13.8, mahaɗar za ta nuna kimanin 5.31, ta haura dutsen awo, makwatanci ya haɗa mafita da ƙasa. Inda sikelin ke rinjaya shi ne 5.1 sau 2.6, wato kimanin bolt 13.3.

Mataki na uku fitila ce. Ana ɗaukar 'yar fitilar nan ta dayod mai haske, a haɗa ta daga kan batir zuwa ƙafa ta 1, tare da rizista mai om 2,200 a hanyarta. Fitilar na cin kusan bolt 2, saura kimanin 11.8 a kan rizistar, wanda idan aka raba da 2,200 zai ba da kwarara ta kusan kashi 5 cikin 1,000 na amfiya. Wannan ya ishi fitilar haske, bai kuma fi ƙarfin ayisin ba. Wanda ya manta da wannan rizista yana iya lalata fitilarsa.

Akwai gyare-gyare biyu da takarda ba ta nunawa sai an zo aiki. Na farko, zina da aka rubuta mata 5.1 tana iya saɓawa da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato daga 4.85 zuwa 5.36. Idan aka ninka waɗannan da 2.6, wurin rinjayen zai iya faɗawa ko'ina daga 12.6 zuwa 13.9. Ke nan a wata da'irar fitila za ta kunna ba a jona caja ba, a wata kuma ta ƙi kunnawa alhali ana caji. Maganin wannan shi ne a sa rizista mai murɗawa a cikin marabin, a daidaita ta da mita a hannu. Na biyu, idan matsi ya tsaya daidai kan iyaka, fitilar takan yi ta ƙyafta ido. Ana magance wannan ta hanyar mayar da ɗan abin da ke mafita zuwa ƙafa ta 3 ta cikin babbar rizista, tare da sanya wata ƙarama tsakanin zina da ƙafar, ta yadda matsin kunnawa zai ɗan ɗara matsin kashewa. Ingilishi ya aro wa wannan suna daga Girkanci. Mu muna iya ce masa ratar kunnawa da kashewa, kowa ya gane.

Mai karatu ya lura cewa a duk sashen nan ba a yi amfani da kalmar wuta ba ko sau ɗaya.

7.5 Me Fitilar Ke Faɗi?

Wata rana marubucin wannan babi ya kai batirin motarsa caji a wata rumfa. Da ya dawo da la'asar, yaron wurin ya nuna masa koriyar fitila a jikin cajar, ya ce, "Baba, ka gani, ya cika." Aka ɗora batir, mota ta yi ƙugi sau ɗaya ta yi shiru. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Fitilar ma ba ta yi ƙarya ba. Fassarar da aka yi wa maganarta ce ta karkace.

Da'irar da muka gina a sama matsi take dubawa. Abin da fitilarta ke cewa shi ne: matsin da ke kan batir ya haura 13.3. Daga nan zuwa cewa batir yana shan caji akwai tafiya. Tsohon batir da farantansa suka lalace yakan haura 14 cikin 'yan mintoci ba tare da ya sha komai ba, kamar tulun da aka toshe bakinsa, ana zuba ruwa yana malala a waje. Batirin da aka cire daga caja yanzu-yanzu yakan ci gaba da nuna sama da 13 na ɗan lokaci kafin ya sauko, fitila na ci alhali an zare caja. Shi kuwa lafiyayyen batir da ya sauka ƙwarai, yana iya shan caji hannu baka hannu ƙwarya matsinsa bai kai 13 ba tukuna, fitila a kashe.

Wanda ke son fitilar da za ta shaida shan caji na haƙiƙa, kwarara zai auna. Ana yin haka da makwatancin nan dai. A sanya rizista mai ƙaramar turjiya, misali om 0.1, tsakanin kan batir mai alamar ɗebewa da na caja, ta yadda duk lantarkin da ya ratsa batir sai ya bi ta cikinta. Bisa dangantakar Ohm, idan amfiya 2 na wucewa za a samu bolt 0.2 a kanta. Idan babu abin da ke wucewa, sifiri. Sai a kai wannan ɗan matsi ƙafa ta 2, a ba ƙafa ta 3 dutsen awo na bolt 0.02. Muddin kwarara ta wuce amfiya 0.2 fitila na ci. Idan batir ya ƙoshi kwararar ta ragu, ko aka zare caja, ko waya ta tsinke, sai ta mutu. A babbar caja mai tura amfiya 10 dole a ƙara rage turjiyar, in ba haka ba rizistar za ta yi zafin da zai ƙona ta.

A nan ne nahawun Hausa ke yi wa mai fassara rana. Dubi waɗannan jimloli: an jona caja; batir yana shan caji; batir ya cika; batir yana riƙe caji. Ta farko shuɗaɗɗen lokaci ce, tana ba da labarin abin da mutum ya yi. Ta biyu lokaci mai ci, aiki ne da ke gudana a cikin batir yanzu. Ta uku sakamako. Ta huɗu, ko da yake siffarta ta lokaci mai ci ce, hali take bayyanawa, wato lafiyar batirin. Da'irar matsi ta fi kusa da shaida jimla ta farko. Da'irar kwarara na shaida ta biyu. Ta uku sai an haɗa shaidu biyu, matsi ya hau kuma kwarara ta ragu. Ta huɗu ba fitilar da ke jikin caja da za ta faɗe ta. Sai an ɗora wa batirin kaya an ga yadda zai yi. A jikin na'urori da yawa kalmar Ingilishi ɗaya ake rubutawa kusa da fitila, wani lokaci ma zane kawai. Mai fassara takardar bayanin irin wannan na'ura, idan ya rubuta "ya cika" a inda ya kamata ya rubuta "an jona", ya jawo wa wani direba kwana a hanyar Funtuwa. Ba zai san wadda zai zaɓa ba sai ya tambayi abin da da'irar ke aunawa.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan haɗari. A Hausar kasuwa, ruwan batir na nufin asid ɗin da ke cikin batir, wanda ke cin tufafi da fata, kuma ana kiran tsarkakakken ruwan da ake ƙara wa batir da wannan suna. Abin da ke raguwa a batir lokacin caji ruwa ne zalla, shi ake mayarwa, ba asid ba. Wanda ya fassara umurnin da "a ƙara ruwan batir" ya bar ƙofa biyu a buɗe. "Tataccen ruwa" ma bai tsira ba, domin wani zai ɗauko ruwan leda, ma'adinan da ke cikinsa kuwa suna rage wa batir kwana. Gara a tsawaita a ce ruwan da aka tara daga tururi. Haka nan gargaɗin da ke cewa batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa lokacin caji: a nan kalmar wuta ta dawo da ma'anarta ta murhu, kuma dole jimlar ta fito fili cewa ashana da sigari da tartsatsi ake nufi.

Alƙaluman da aka bayar duk na batirin dalma ne. Batirin wayar hannu na litiyam ne, yana cika a kusan bolt 4.2, kuma ba ya yafe wuce iyaka.

7.6 Aro ko Ƙirƙira?

Ɗalibi zai ga an ari rizista da dayod da ayisi, amma an ƙirƙiri makwatanci da marabin matsi. Ba son rai ba ne. Rizista da dayod abubuwa ne da ake saye da sunansu. Yaron da aka koya masa wani suna daban zai je shago a kasa gane shi. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a, ta samu jinsi da jam'i, ba ta buƙatar izinin malami. Amma "comparator" sunan aiki ne, ba a saye da shi, lambar ayisi ake faɗa. Aron sa ba zai ƙara wa mai koyo komai ba, alhali ƙirƙirarren suna zai gaya masa abin da na'urar ke yi tun kafin a fara bayani.

An gina makwatanci daga aikatau kwatanta, da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, bisa tsarin sunayen kayan aiki irin su mabuɗi da masassabi da ma'auni da matsefi. Baƙin /t/ ya koma /c/ a gaban wasalin /i/ saboda ganɗantawa, kamar yadda ya faru a marubuci daga rubuta. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, don haka sai malami ya furta wa ɗalibai: sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa karin sama ne, kamar mabuɗi, saɓanin sunan mai aikatawa irin su maɗinki, wanda tsakiyarsa ke sauka. Jam'i ma na raba su. Na kayan aiki makwatantai, kamar mabuɗai, inda /t/ ta dawo. Na mutane makwatanta, kamar maɗinka.

An yi tunanin wasu kalmomin kafin a tsaya a wannan. Ma'auni ya fi dacewa da mita, tunda adadi yake bayarwa. Magwaji, daga gwada, ya yi kusa, sai dai masu gyara za su ɗauka ana nufin abin gwada ko akwai lantarki a soket. Mizani na da kyau ƙwarai ta fuskar hoto, amma ya riga ya ɗauki nauyin ma'anoni na addini da na shari'a, kuma muna buƙatar sa a wani wurin da ma'anar iyaka. Makwatanci ma yana da rauninsa, domin kwatanta a Hausa na nufin gwada abu biyu, yana kuma nufin siffantawa, kamar a kwatanta wa baƙo hanya. Idan ɗalibi ya zo da wadda ta fi ta, marhaban.

Da'ira kuwa aro ce daga Larabci, kuma Larabawa da ita suke kiran wannan abu. Tana da fa'idar tunatar da mai koyo cewa lantarki ba ya tafiya sai hanya ta zagayo ta rufe. Masu gyara a Kwangila layi suke cewa: layin caji ya yanke. Malami ya koyar da da'ira a aji, ya kuma gaya wa ɗalibansa cewa a rumfa layi za su ji. Kalmar matsi ita ce ta fi buƙatar haƙuri, domin kunnen Bahaushe ya saba jin ta a matsin rayuwa da matsin lamba. An fifita ta a kan "ƙarfin wuta" ne saboda wannan na biyun ya riga ya haɗiye matsi da kwarara gaba ɗaya, kuma ba yadda za a yi a amayar da shi.

7.7 Jinga

1. Ɗalibi ya ziyarci rumfar mai cajin batir ko mai gyaran waya mafi kusa da shi, bayan ya nemi izinin mai wurin, ya tattaro jimloli goma da aka yi amfani da kalmar wuta a cikinsu. Ya rarrabe wadda ke nufin matsi, da wadda ke nufin kwarara, da wadda ke nufin haske ko wani abu daban.

2. Idan aka musanya rizistar sama ta marabin matsi da mai om 15,000, aka bar sauran yadda suke, a wane matsi fitilar za ta kunna? A rubuta lissafin da cikakkun jimlolin Hausa, sannan a faɗi ko wannan iyaka ta dace da batirin da ke hutawa a bolt 12.6.

3. A samo takardar bayanin wata caja ko inbata ko fitilar sola, a fassara sashen da ke bayanin fitilun jikinta. A gaban kowace fitila a nuna wacce daga cikin jimloli huɗu na sashe na 7.5 take shaidawa. A karanta wa mai sana'ar fassarar, a rubuto gyaran da ya yi.